Agogon Anacleto

Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da tuta
a wata 'yar tasha da ke sama da Huancayo,
inda iska ba ta cika ƙirji.
In na ɗaga ja, ƙarfe mai nauyin gari ya tsaya cak.
In na ɗaga koriya, ya wuce yana tari.
Ban taɓa bari jirgi ya sumbaci jirgi ba.
Ko a coci ido ɗaya na kan agogo,
ina ƙirga wa Fada Isidro mintocin huɗubarsa.

Da na ajiye aiki, sai na mai da gidana tasha.
Fortunata ta fara manta sunan cokali,
hankalinta na tsiyaya
kamar gari daga buhu mai huji,
ni kuwa na sayo littafi mai layi-layi:
farar ƙwaya ƙarfe shida,
rabin shuɗiya bayan romo,
kwaɗo uku a ƙofa, makullai a wuyana.
Zoila ta bugo waya daga Lima,
ta ce, Baba, bari in zo in karɓe ka ko mako guda.
Na ce mata zauna abinki, ba wanda ya san tsarin sai ni.

Addu'ata ma jadawali ce.
Nakan durƙusa in karanta wa Ubangiji
abin da zai yi gobe, da ƙarfe nawa,
kamar sabon yaron da aka turo mini koyon aiki.

Sai ga wani dare na watan Yuni,
sanyin da ke daskarar da ruwa a bokiti.
Na zauna a kujera don in cire takalmi kawai.
Barci ɓarawo.
Na farka ƙarfe uku saura kwata:
ƙofa a buɗe, gado wayam,
makullan na reto a jikin kwaɗo,
ni da hannuna na bar su.

Na fita ba hula.
Na ratsa gonar dankali ina kiran sunanta,
karnuka ne kaɗai suka amsa.
A bakin tsohon layin dogo gwiwata ta ƙi.
Ba ni da tutar da zan ɗaga wa dare.
Na ce, Yesu, ban san inda take ba.
Ban ƙara komai a kai ba,
karo na farko ke nan da na zo maka ba takarda.

A rumfar mai gasa burodi na same ta.
Casilda, wadda ban taɓa gaisarwa da kyau ba,
ta lulluɓe ta da bargon ulu, ta zaunar da ita gefen tanda.
Fortunata na murza ƙullu da hannu biyu,
tana dariya irin wadda na rabu da ji tun bara waccan.
Ta dube ni ta ce,
Malam, ka gaji, zauna.

Na zauna.
Ashe ina tawa, Kana taka.
Ashe duk daren da na yi gadi,
ni ma gadina ake yi.

Ba ta warke ba.
Jiya ta kira ni da sunan wanta da ya rasu.
Har yanzu ina ba ta farar ƙwaya ƙarfe shida,
wani lokaci shida da kwata, duniya ba ta kife ba.
Zoila na zuwa ranar Asabar,
ta shirya kwanuka ba yadda nake so ba,
in cije leɓe in yi shiru.

Agogon yana coci, ƙarƙashin gicciye.
Wuyan hannuna ya yi fari a gurbinsa,
nakan kai ido can ban sani ba,
in ga fata kawai, da jijiya tana bugawa,
bugun da ba ni nake ba shi wani ba.